Wane Ne Mutumin Da Ya Fito A Matsayin Umar Mukhtar Da Sayyidina Hamza?

"Assalamu alaikum Malam. Tun ina yaro nake kallon fim ɗin Umar Mukhtar da na Ar-Risala a kaset a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya rasu yana ɗaukar dattijon nan Balarabe ne kuma Musulmi. Kwanan nan wani abokina ya ce mini ɗan Amurka ne, wai ma ainihin sana'arsa zane da sassaƙa. Mun yi gardama sosai. Don Allah wane ne shi, kuma yaya aka yi wanda ba Balarabe ba ya shiga rigar waɗannan bayin Allah har muka kasa ganewa?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Tambayarka biyu ce a ƙunshe: ta farko asalin mutumin, ta biyu kuma sirrin aikinsa. Ta farkon gajeriya ce. Sunansa Anthony Quinn, an haife shi a Chihuahua ta ƙasar Meziko ranar 21 ga Afrilun 1915, ya tashi a Amurka, ya zama ɗan ƙasar a 1947, ya rasu a Boston ranar 3 ga Yunin 2001 yana da shekara 86. Ba Balarabe ba ne, a gidan Kiristoci mabiya Katolika aka haife shi, kuma bai musulunta ba. Abokinka ya yi gaskiya game da zane da sassaƙa. Sai dai kada ka yi saurin cewa Baba ya yi kuskure gaba ɗaya, domin akwai wani dalili da zan kawo maka a gaba wanda ya sa mutane da yawa suka ɗauka haka. Ta biyun ce take buƙatar zama, kuma a ganina ba za a amsa ta ba sai an koma kan wannan zanen da abokinka ya ambata.

Yaron da ya so ya zama mai zanen gini

An haife shi ana tsakiyar yaƙin juyin juya halin Meziko. Mahaifinsa Francisco yana da jinin mutanen Ayalan ta wajen uba, daga nan sunan Quinn ya samo asali, mahaifiyarsa Manuela kuma 'yar Meziko ce. Yaƙi da yunwa suka kora su zuwa El Paso a jihar Texas, daga baya suka yada zango a unguwannin talakawa na gabashin Los Angeles. Uban ya samu aiki a wani kamfanin fim yana taimaka wa mai ɗaukar hoto, sai mota ta buge shi ya rasu, yaron bai wuce shekara 11 ba. Daga nan nauyin gida ya hau kansa. Ya goge takalma, ya sayar da jarida, ya yi damben zamani don kuɗi, ya busa kayan kiɗa a cocin wata shahararriyar mai wa'azi da ake kira Aimee Semple McPherson, har ya ɗan taɓa wa'azin da kansa.

Duk wannan faɗi-tashin bai raba hannunsa da fensir ba. Tun yana ƙarami yake zana fuskokin taurarin fim, ya kuma fara mulmula siffofi da hannu, har aka ce ya ci gasar yara a Kalifoniya da siffar kan tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln. Burinsa shi ne ya zama mai zanen gini. Wannan burin ne ya kai shi gaban Frank Lloyd Wright, wanda har yau ake lissafa shi a sahun farko na masu zanen gini a Amurka. Kamar yadda Quinn ya sha faɗa da bakinsa, Wright ya saurare shi sai ya lura maganarsa ba ta fita sosai, ya ce masa mai zanen gini sai da baki, domin dole ya iya shawo kan mai kuɗi ya yarda da abin da bai gani ba tukuna. Matsalar irin wadda wanzamanmu ke kira linzami ce, wato harshe a ɗaure ta ƙasa. Aka yi masa aiki, sannan ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo don ya saisaita harshensa. Ya je gyaran magana ne kawai, sai sana'ar ta riƙe shi.

Ka lura da wannan da kyau, domin a kansa amsata ta ginu. Mutumin ya koyi kallo kafin ya koyi magana. Ya san yadda haske yake faɗa wa kunci, da inda nauyin jiki yake sauka idan mutum ya tsaya, tun kafin ya haddace layi ɗaya na wasa.

Shekarun fitowa a matsayin baƙo

Ya fara fim a 1936. A wannan shekarar ya fito a The Plainsman na Cecil B. DeMille a matsayin jarumin ƙabilar Cheyenne, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka. Shekara guda bayan haka ya auri Katherine, 'yar riƙon DeMille. Mutum zai ce ai kakarsa ta yanke saƙa, ya zama surukin babban darakta. Abin bai zo da sauƙi haka ba. Holiwud ta lokacin tana da ma'auninta na wanda ya cancanci zama jarumi: fari, mai siririn hanci, mai sunan Turawa. Quinn kuwa fatarsa da ɗan duhu, fuskarsa faffaɗa, idanunsa baƙaƙe. Don haka duk inda ake neman baƙo ko mugu, abin da masu kallonmu ke kira bos, sai a kira shi. Yau ɗan daba ne, gobe ɗan Sifen, jibi ɗan Filifin, gata shehin Larabawa kamar yadda ya fito a Road to Morocco a 1942. Kafin 1947 ya yi finafinai sama da 50 a haka, mafi yawansu yana gefe. A cikin waɗannan shekarun ne kuma ɗansa na fari, Christopher, ya faɗa ruwa ya rasu yana ɗan shekara 2, a 1941.

Wariya ce ƙarara, ba na neman yi mata kwalliya. Amma a cikinta ya samu horon da jaruman da aka fifita a kansa ba su samu ba. Su kullum kansu suke fitowa, sai dai a sauya musu riga. Shi kuwa kowane fim sai ya sake tafiya, ya sake zama, ya sake yadda yake ɗaga kai. Shekara goma yana wannan.

Da ya gaji sai ya koma wasan daɓe a New York. Ya karɓi rawar da Marlon Brando ya yi suna da ita a wasan A Streetcar Named Desire, ya yi yawo da ita gari-gari. Daraktan wasan, Elia Kazan, shi ya saka shi a Viva Zapata! a 1952, fim a kan juyin juya halin da ya kori iyayensa daga gida. Brando aka ba babban matsayin na Emiliano Zapata, jagoran manoma a juyin juya halin, Quinn ɗan Mezikon gaske aka ba shi ɗan'uwansa Eufemio. Shi ya tafi da kyautar Oska ta mataimakin jarumi, ya zama ɗan asalin Meziko na farko da ya ci ta a fagen wasa. Ya sake cin irinta da Lust for Life na 1956, inda ya fito a matsayin mai zanen Faransa Paul Gauguin, Kirk Douglas kuma yana Vincent van Gogh. Duk wanda ya taɓa riƙe burushi, idan ya kalli fim ɗin zai gane hannun nan ya saba da aikin.

Tsakanin kyaututtukan biyu ya tafi Italiya ya yi La Strada da darakta Federico Fellini a 1954, a matsayin wani ƙaƙƙarfan ɗan wasan titi mai tsinka sarƙa da ƙirji, mai busasshiyar zuciya, wanda bai san yana ƙaunar yarinyar da yake wulaƙantawa ba sai bayan ta mutu. A wurina wannan ne aikinsa mafi girma. Sai The Guns of Navarone a 1961, da Lawrence of Arabia a 1962 inda ya fito a matsayin Auda Abu Tayi, shugaban ƙabilar Larabawa ta Huwaiɗat, da Zorba the Greek a 1964, wanda ya sa duniya ta ɗauka shi mutumin Girka ne. Ka ga ba ku kaɗai ba ne. Girkawa sun yi masa kallon nasu, har akwai wani gaɓar teku a tsibirin Rhodes da ake kira da sunansa.

Haɗuwarsa da Mustafa Akkad

Mustafa Akkad mutumin Halab ne ta Siriya, ya yi karatun fim a Amurka, ya ƙuduri aniyar nuna wa Turawa tarihin Musulunci da harshen da suke ji. Ya nemi shawarar malaman Azhar, ya ɗauki ƙa'idar cewa ba za a nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, ba kuma za a ji muryarsa ba. Wannan ƙa'idar ta haifar da buƙatar wani wanda ido zai riƙa sauka a kansa, sai nauyin ya faɗa kan Sayyidina Hamza, Allah ya ƙara masa yarda. Akkad yana buƙatar sunan da gidajen sinima na Turai da Amurka za su karɓa, yana kuma buƙatar ƙirar jiki mai kwarjini. Quinn ya haɗa duka biyun.

Ga dalilin da na ce kada ka yi saurin kayar da Baba. Ar-Risala fim biyu ne, an ɗauke su tare a wuri ɗaya, an fara a Maroko aka ƙarasa a Libiya, aka sake shi a 1976. Akwai na Turanci wanda Quinn ya fito a matsayin Hamza, Irene Papas 'yar Girka tana Hindu matar Abu Sufyan. Akwai kuma na Larabci da 'yan wasa Larabawa, inda Abdullahi Gais ɗan Masar ya fito a Hamza, Muna Wasif 'yar Siriya tana Hindu. Idan kaset ɗin gidanku na Larabci ne, to Hamzan da Baba ya gani Balarabe ne na gaske. Fim ɗin Umar Mukhtar kuwa, Lion of the Desert na 1981, da Turanci aka ɗauke shi, sannan aka ɗora masa muryoyin Larabci, kuma muryar Abdullahi Gais ɗin nan ce aka ɗora a bakin Quinn. Wanda ya ga dattijo da farin gemu yana zuba Larabci tsantsa yana jawo aya, me zai hana ya ce Balarabe ne?

Irin wannan ruɗanin ya taɓa zama fitina. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutane sama da 100 a gine-gine uku a birnin Washington, kuma cikin buƙatunsu har da a dakatar da nuna fim ɗin, a lokacin da jita-jita ta bazu cewa Quinn ya fito ne a matsayin Annabi. Ƙarya ce, amma ta yi wa fim ɗin illa a kasuwar Amurka.

Fim ɗin Umar Mukhtar gwamnatin Gaddafi ce ta zuba masa kuɗi, kimanin dala miliyan 35. Oliver Reed ya fito a matsayin Janar Graziani, kwamandan sojojin Italiya a Libiya, Rod Steiger kuma Mussolini. Italiya ta hana nuna shi a 1982, sai a 2009 aka haska shi a wata tashar talabijin ta ƙasar lokacin ziyarar Gaddafi. Shi Umar Mukhtar na gaske malamin Alƙur'ani ne ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ya yi shekara 20 yana yaƙar mamayar Italiya a ƙasarsa Libiya, suka rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumbar 1931. Ba baƙo ba ne a yankinmu kamar yadda ake zato, domin ya zauna a Chadi, kuma Sanusiyyar nan ce ta mara wa jagoran Buzaye Kawusan baya lokacin da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916. Akkad kansa ya rasu a 2005 sakamakon harin bam a wani otal a Amman, tare da 'yarsa. Allah ya jiƙansu.

Abin da idon mai sassaƙa yake gani

Yanzu ga ainihin tambayarka. Ana iya cewa kwalliya ce, gemu da rawani da tabarau. Ana iya cewa muryar da aka ɗora ce. Ana iya cewa ƙirar fuskarsa ce, wadda ta dace da mutanen ƙasashe da yawa. Duk suna da rabonsu. Amma an sha liƙa wa Turawa gemu a saka musu alkyabba, kana kallo ka san Bature ne a cikin kayan aro. Bambancin Quinn yana jikinsa.

Na fara da zane kafin in shiga koyar da wasan daɓe, kuma shekarun da na yi ina horar da matasa sun nuna mini abu ɗaya. Idan ka ce wa yaro ya fito a matsayin tsoho, nan take zai ranƙwafa, ya kama tari, ya riƙa karkarwa da sanda. Wani ɗalibina ya taɓa yi mini haka a gwaji, sai na dakatar da shi, na ba shi takarda da fensir, na ce ya je ƙofar masallacin unguwarsu bayan la'asar ya zano mini dattawa uku a zaune, kada ya dawo sai da su. Zanen bai yi kyau ba, amma ya dawo yana ba ni labari da mamaki: ashe tsoho ba ya motsi sai da dalili, ashe kafin ya tashi sai ya dafa gwiwa ya tattara nauyinsa wuri ɗaya, ashe idan zai dube ka ido yake fara ɗagawa kafin kai. Daga ranar wasansa ya sauya. Fensir ya tilasta masa ya kalli abin da yake gani kullum bai taɓa lura da shi ba.

Ka koma ka kalli Umar Mukhtar da wannan idon. Dubi zamansa a gaban almajirai a farkon fim ɗin, yadda ya tanƙwashe ƙafa kamar wanda ya shekara 50 a kan buzu. Dubi yadda yake cire tabarau da mayar da shi, a hankali, da hannun da ya san abin ba shi da na biyu. Dubi tsayuwarsa a gaban Graziani da sarƙa a hannu: kafaɗa ta sauka saboda gajiya da shekaru, amma wuya a miƙe. Ba ya ɗaga murya. Sannan ka kwatanta da Hamza, wanda ya shigo a kan doki daga farauta, ƙirji a buɗe, nauyinsa duka a gaba kamar zai faɗa wa abokin gaba. Mutum ɗaya ne, tazarar shekara biyar kacal, amma gini biyu ne daban. Mai sassaƙa yakan fara da tambayar inda nauyi zai zauna, sannan ya rage duk abin da ba a buƙata. Haka ya yi da tsohon nan. Quinn ɗan wasa ne mai son faɗaɗa hannu da ƙara, amma a nan sai ya yi ta ragewa.

Akwai kuma abin da ba a koya a makaranta. Ɗan gudun hijira ne, ya san yunwa, ya san raini. Uwarsa ta tsallaka iyaka da shi a hannu. Labarin mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka tara su a sansani a bayan waya ba baƙon abu ba ne ga wanda aka haifa a cikin yaƙin manoma marasa gona.

Shi kansa sassaƙar bai taɓa ajiye ta ba. A wuraren ɗaukar fim a hamadar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya yakan tsinci duwatsu da guntayen itace ya riƙa fere su a lokacin jira, domin aikin fim rabinsa jira ne. A farkon shekarun 1980 ya fara mayar da waɗannan ƙananan siffofin manya, da dutse da itace da tagulla, masu gidajen baje zane suka fara nuna aikinsa a Amurka da Turai da Meziko. Ya zana fuskarsa sau da yawa, ya zana mata, ya yi siffofi masu lanƙwasa waɗanda ba su kwaikwayi wani abu kai tsaye ba. Hukuncin sassaƙa siffar mai rai a addini magana ce ta malamai, su za ka tambaya. Ni bayanin sana'ar nake yi maka.

Ra'ayina a kan darajar aikin shi ne: hannunsa ƙwararre ne, idonsa mai kyau, amma inuwar manyan masu zane da sassaƙa na Turai, Picasso da Matisse da Henry Moore, ta yi yawa a kansa, kuma sunan da ya yi a fim ya taimaka wajen sayar da kayan. Ban sa shi a sahun waɗanda suka sauya tarihin zane ba. Sai dai in faɗa maka iyakata a nan. A hoto na ga sassaƙe-sassaƙensa, ita kuwa sassaƙa sai ka zagaya ta, ka ga bayanta, ka ga yadda inuwa take sauyawa a jikinta, don haka ka ɗauki hukuncina a matsayin na wanda ya hango daga nesa. Haka kuma yawancin labaran yarintarsa daga bakinsa suka fito, a littattafansa biyu, The Original Sin na 1972 da One Man Tango na 1995, kuma mutum ne gwanin ba da labari, mai ƙara gishiri.

Ba na so in bar ka da hoton waliyyi. Bayan Zorba ya sha maimaita kansa, ya yi finafinai da dama don kuɗi kawai, wasu ba su cancanci sunansa ba. Rayuwar gidansa ma ta yi ruɗani: aurensa na farko ya mutu a 1965 bayan ya haifi 'ya'ya da wata 'yar Italiya mai ɗinka kayan fim, Jolanda Addolori, wadda ya aura a 1966, suka rabu a 1997 ya auri Katherine Benvin. Ya bar 'ya'ya sama da goma. Mu da muka san shi da rawani da carbi yana da kyau mu riƙe cewa Umar Mukhtar daban, wanda ya kwaikwaye shi daban, kada ƙaunar na farko ta sa mu ɗora wa na biyu abin da bai ce shi ne ba.

Idan kana so ka gwada maganata da idonka, ka nemi Ar-Risala na Turanci da na Larabci ka kalli shigowar Hamza a kowanne, ka ga yadda mutum biyu suka ɗauki abu ɗaya. Daga nan ka nemi La Strada, ka kalli mintunan ƙarshe a bakin teku, inda kusan babu magana sai jiki. Sannan ka koma kan Umar Mukhtar ka kashe sautin gaba ɗaya na minti goma, ka bar muryar Abdullahi Gais a gefe, ka ga abin da ya rage. Ka kira abokin naka ku kalla tare.